Ludayi Ɗaya na Romo a Miyar Farin Kabeji

Rabi ƙanwata ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ita da ƙawayenta biyu sun ji an ce wani Ba'indiye ya zo aiki Aliero yana neman mai dafa masa abinci, suka same ni ina tsince shinkafa a tsakar gida.

Rabi ta ce, "Yaya Dije, ki kai ni mana. Mi ad da wuya ciki? Ba fiɗar kaza, ba wankin kayan ciki, haki ɗai, ganye zalla, za a dahwa ma mutum."

Ƙawayen suka kwashe da dariya. Ban ba ta amsa ba, don ni bakina ba ya saurin kawo magana, sai mutum ya tafi nake tuna abin da ya kamata in ce. Karatuna aji huɗu ne a firamaren Giwa Tazo, sai na allo. Amma shekara biyar ke nan ina wannan aiki, zan rubuta shi yadda na iya, su karanta kafin in kai kowa ko'ina.

Ranar da na fara, Nana 'yata tana goye, watanta takwas. Mijina direba ne, yana kai albasa Kurmi daga Aliero, in ya tafi sai ya yi wata ba mu gan shi ba. Muna zaune a Jega, ɗaki ɗaya cikin gidan gwaggonsa, Inna Hajo. Maigadin kamfanin casar shinkafa da ke bakin gari shi ya yi mini hanya. Injiniyan kamfanin Ba'indiye ne, ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙasarsu don babu mai kula da ita a can. Gidan nasu yana bayan injin, cikin katanga, ba maƙwabci ko ɗaya. Tsohuwar ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Mama muke ce mata.

Injiniya ya daɗe a ƙasar nan, yana da 'yar Hausarsa mai gutsure-gutsure. Ya tsaya a ƙofar kicin yana lissafa mini da yatsu: "Nama babu. Kifi babu. Ƙwai babu. Nono, man shanu, babu. Abu yana numfashi, ko ya fito jikin abu yana numfashi, babu." Ya ce Mama tun da aka haife ta nama bai taɓa shiga bakinta ba. Nono kuwa shi ya fara bari, ita ma ta bi shi.

Na ce to. Ashe akwai dunƙulen miya guda biyu da na ƙulla a bakin zanena, don na zaci ko ba su da shi. Mama ta kama hannuwana ta sansana, ta sansana zanen, ta kwance ƙullin da kanta, ta miƙa wa ɗanta da ɗan yatsa biyu kamar ta kamo kunama. Ta yanka lemun tsami ta sa na wanke hannu har gwiwa. Wannan ne darasina na farko.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Akwai baƙin kaskon ƙarfe mai zurfi da ta zo da shi daga ƙasarsu, ba a wanke shi da sabulu, sai ruwan zafi a goge a shafa mai. Akwai ɗan turmin dutse. Akwai wani gwangwani mai faɗi, cikinsa ƙananan kofuna bakwai: kurkur, barkono, masoro, hulba, kirfa da kanumfari a kofi ɗaya, sai wasu biyu da ban san su ba a gidanmu, ɗaya siriri kamar irin ciyawa tana ce masa jira, ɗaya mulmulalle tana ce masa daniya. Akwai murhun gas mai ɗakin gashi a ƙasansa. In gas ya ƙare, ni na koya mata tamu dabarar: yashi a gindin tukunya, faranti a kan yashin, garwashi a ƙasa da kan murfi. Ranar da ta ga hakan ta yi ta tafa hannu.

Koyarwarta ba da baki ba ce. Tana zaune a kan wata 'yar kujera ta katako kusa da murhu, Nana a cinyarta, cokali a hannunta. In na yi kuskure sai ta buga mini bayan cokalin a wuyan hannu, ba da zafi ba. In na yi daidai sai ta karkaɗa kai gefe da gefe. Mu nan in mutum ya yi haka ai ƙi yake nufi. Sati biyu ina sake girki daga farko, ina zubar da hawaye a ɓoye, sai da Injiniya ya dawo wata rana da azahar ya gani ya yi dariya har yana riƙe ciki, ya ce, "Dije, wannan kai na Mama, shi ne e."

Abincin da ta fi so shi ne gasasshen farin kabeji da jar miya. Wanda bai san shi ba, wani ɗan uwan kabeji ne, kansa fari, a cure kamar ƙullin auduga. Ba a noma shi a nan. Daga Jos yake zuwa cikin motar kayan gwari, kuma a duk kasuwar Jega mutum ɗaya ke kawo mini shi, Malam Ummaru, shi ma sai na faɗa tun sati guda kafin nan. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Ga 'yar Indiya ta zaka! Ku ba ta hanya, ta zo ɗaukar kabejin da bai ga rana ba." In ce, "Baba Ummaru, na wancan satin duk tsutsa." Ya ce, "To ai ragi na yi miki, ga nama kyauta, ku ne ba ku ci."

Wurin saye ake fara aikin. A duba kan ya cure ba ya buɗe, ba ɗigon baƙi, ganyen gindinsa yana ƙara in an lanƙwasa. A gida a ɓare shi reshe reshe, kowanne kamar girman ƙwallon goriba da aka raba biyu, in wani ya fi wani girma ɗaya zai ƙone ɗaya bai nuna ba. A jiƙa a ruwan ɗumi da gishiri. Can sai ka ga 'yan koren tsutsotsi suna tasowa. Ni da hannuna zan murje su, amma Mama sai ta tsince su ɗaya ɗaya a kan ganye, ta dogara sandarta ta kai su gindin darbejiyar da ke bayan gidan. Har yau haka nake yi, ko ba ta wurin.

Sai a shanya a faifai ya tsane sarai. Nan yawancin masu koyo ke faɗuwa. In da sauran ruwa a jikinsa, ba zai gasu ba, turara zai yi, ya yi laushi yana wari kamar ruwan wankin kabeji. In ya bushe a murza shi da man gyaɗa, gishiri, kurkur da ɗan barkono, da hannu, har cikin lungunansa. A baza a faranti kar wani ya hau wani. Ba agogo nake dubawa ba, hanci ne. In ƙamshin ya juya daga na ganye ya koma kamar na gyaɗa a kasko, a juya shi. Bakin-bakinsa ya yi ruwan ƙasa, cikinsa da sauran ƙarfi.

Miyar kuwa haƙuri take ci. Mai ya yi zafi a baƙin kaskon, a watsa jira, yana fara tsalle a zuba albasa, in an ƙara numfashi uku ya ƙone, ɗacinsa ba ya fita. Albasa uku manya, a rage wuta, a yi ta juyawa har ta koma launin dabino. Mu da muka tashi cikin albasa muna ganin mun san ta, amma ban taɓa sanin tana da zaƙi haka ba sai a hannun tsohuwar nan. Sai citta da tafarnuwa da aka daka a turmin dutse, sai garin kayan ƙamshi, sai tumatir, a bar shi har mai ya taso ya kewaye gefe. A goge kwakwa a matse ruwanta a ƙyalle mai tsabta a zuba. Farin kabejin shi ne na ƙarshe, ana dab da saukewa, don kar miya ta kashe gashin. A matsa lemun tsami. Awa biyu ke nan a tsaye, a kan abin da Rabi ke kira haki.

Shekara biyu muka yi haka, ni da ita da Nana, daga safe zuwa la'asar. Ba mu taɓa yin hira ba. Wani lokaci takan yi ta magana da yarensu tana kallon taga, ni ma in ba ta labarin garinmu da Hausa, kowa ya karkaɗa wa ɗan uwansa kai.

Shekara ta uku ita ce mummunar shekarar. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya kwanta a bayan injin, sauro ya yi yawa. Mijina ya tafi Kurmi tun kafin azumi, wayarsa ta daina shiga, abokan aikinsa kowa da abin da yake faɗa. Abin da nake samu a gidan Injiniya shi ne cinmu ni da Nana, shi ne maganinta. Sai Mama ta kwanta da zazzaɓi. Aka kai ta asibiti Birnin Kebbi, ta yi kwana tara, ta dawo kamar an zare mata nama daga jiki. Duk abin da na kai mata sai ta kalla ta juya fuska bango.

Injiniya ya same ni a kicin, idonsa ja. Ya ce, "Dije, Mama ba ci, Mama ba ƙarfi. Sati ɗaya. In ba ci, ni kai ta gida Indiya." Bai ce aikina ya ƙare ba, amma wa zan dafa wa? Shi da rana a wurin injin yake.

Farin kabeji yana wuya da damina. Na roƙi Malam Ummaru, ya buga waya nan da can, ya samo mini ƙananan kai biyu. Ranar ko tsokanata bai yi ba, ya ce, "Allah ba ta lahiya."

Da safe ina shirin fita, Inna Hajo ta tare ni a bakin zaure da wata 'yar kwalba a naɗe cikin leda. Ta yanka wa jikanta kaza jiya, shi ma zazzaɓin ya kama shi.

Ta ce, "Amshi, ɗiyata. Romo ne. Na tace shi da ƙyalle har sau biyu, ko tsoka babu."

Na ce, "Inna, ba su ci. Kin sani."

"Awo, na sani. Da lahiyarta ba ta ci. Yanzu hwa? Ke kin taɓa ganin wanda ya tashi daga ciwo da ganye? Tsohuwa ce, baƙuwa ce, ba ta da kowa garin ga sai ke. Ki zuba ido ta mutu don kunyar ɗanta? Ludayi guda. Ba ta sani, ke kuma ki samu lada."

Inna Hajo ba muguwa ba ce. Duk unguwarmu in an haihu ko an kwanta ciwo, kwanonta ne ke fara isa. Abin da za ta yi wa uwarta shi ta ba ni. Na karɓa na sa a jaka.

Na gasa kai ɗaya. Na yi miyar kamar kullum, kujerar Mama ba kowa a kai. Da mai ya taso, na leƙa tsakar gida, na leƙa taga, na buɗe kwalbar na zuba ludayi ɗaya a baƙin kaskonta. Sauran na tuttular a bayan katanga, na binne kwalbar a shara. Garin sauri na ƙone hannuna da gefen faranti, ga tabon nan.

Ta ci cokali ɗaya. Ta tsaya. Ta ci na biyu. Ta tashi zaune da kanta, ta cinye, ta suɗe kwanon da gurasa. Injiniya da ya dawo ya ga kwanon, sai ya fita waje ya tsaya yana kallon katanga ya daɗe.

Washegari ta nuna mini kwanon, ta nuna bakinta. Na dafa kai na biyu, ban sa komai ba. Cokali biyu ta ture. Inna Hajo ta ce, "Kin gani? Gobe in sayo ƙashi." Na ce a'a. Ban iya gaya mata dalili ba, sai dai tun da na zuba ludayin nan, in na ɗaga loma sai in tuna: da a ce ni ce kwance a ƙasar wasu, wata ta ji tausayina ta tace mini romon alade?

To amma tsohuwa tana jiran wannan ɗanɗanon, kwana kuma yana tafiya. Sai na shiga nemansa ta wata hanya. In na taso aiki da la'asar, in hura gawayi a ƙofar ɗakinmu in yi ta gwaji da kabejin gida. Na gane abin da romo ke ba miya nauyi ne, wani abu da ke zama a bayan harshe. Na binne albasa da ɓawonta cikin toka mai zafi har ta narke. Na jiƙa kauɗar tumatir na daka. Na tafasa ganye da gindin farin kabeji, waɗanda da zubarwa muke yi, na ɗauki ruwan. An kusa, amma da saura. A kwana na biyar na gasa ɗan ƙullin daddawa a kan garwashi har warinta ya kwanta, na daka na zuba kamar rabin cokali. Na ɗanɗana, na zauna a ƙasa.

Wannan karon ban ɓoye ba. Na kai wa Injiniya daddawar da 'ya'yan ɗorawa a tafin hannu, na ce daga itace take. Ya sansana, ya yi tari, ya duba a wayarsa, ya ce, "Wari kamar takalmi, amma itace ne. Sa." Malam Ummaru ya ƙara samo kai uku. Mama ta cinye. Wata guda tana cin miyar nan kusan kullum, in babu farin kabeji in yi mata da dankali ko gauta. Ta koma tafiya da sandarta, ta dawo kan kujerarta, Nana ta koma cinyarta. Maganar Indiya ta mutu.

Da na yi shiru, da shi ke nan. Babu wanda ya sani sai ni da Inna Hajo.

Wata ranar hutun Injiniya, bayan sun ci, Mama ta kira ni falo. Ta kama hannuna na dama, mai tabon, ta ɗora a kanta, tana magana. Injiniya yana murmushi ya ce, "Mama ce, duk rayuwa ta ci abinci hannu uku. Hannun uwa nata, hannun kanta, hannun Dije. Ta ce hannu naki mai tsabta, ta rufe ido ta ci."

Na janye hannuna. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, akwai magana." Na faɗa masa duka, ranar, kwalbar, ludayi ɗaya, da cewa ban ƙara ba. Ban ambaci Inna ba. Murmushin ya tafi. Ya ce in sake faɗa a hankali, na sake. Mama tana kallon bakina tana kallon nasa, tana taɓa shi ya gaya mata. Na ga yana so ya ƙaga mata wata magana, amma uwa ta san fuskar ɗanta. Ya faɗa mata.

Ba ta yi faɗa ba. Ta sa gefen mayafinta ta rufe baki, ta tashi, ta shiga ɗakinta ta ja ƙofa.

Inna Hajo da ta ji ta riƙe haɓa. "Ke Dije, wa ya aike ki? Mace ta warke, kowa na murna, ki tona ma kanki? To in sunka kore ki, mi za ki ba ɗiyar ga?" Kwana uku ina zaune a gida, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai in leƙa.

Rana ta huɗu maigadi ya zo ya ce ana nemana. Injiniya ya ce Mama ta yi kwana biyu ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. Ya ce, "Ni na ce a nemo wata. Mama ce a'a. Ta ce wata za ta zuba, ba za ta faɗa ba. Ke kin faɗa. Ki zo aiki."

Na shiga kicin. Baƙin kaskon nan da ya ƙetare teku ba ya nan, an sayo sabo na kasuwa. Kujerar ma an ɗauke. Sabuwar doka ita ce kafin in kunna wuta, in jera duk abin da zai shiga tukunya a tire, har gishiri, in kai ƙofar ɗakinta. Ta duba, ta karkaɗa kai, in koma in dafa. Shekara biyu ke nan haka. Nana tana shiga wurinta, Mama tana yi mata kitso irin nasu, ina jiyo dariyarsu. Tsakanin ɗakin da kicin taku goma sha biyu ne. Ba ta sake takowa ba.

Don haka Rabi, in kina son aikin Aliero zan kai ki, zan koya miki gashi da miya, hannunki zai iya cikin wata biyu. Abin da ba zan iya koya miki ba shi ne ranar da za ki tsaya ke kaɗai a kan tukunyar mutumin da ba ya jin yarenki, kina ganin kin fi shi sanin abin da zai amfane shi.

Bayan abin da ya faru da kamar wata uku, sanyi ya shigo, farin kabeji ya yi kyau a kasuwa. Na jera tire: albasar toka, kauɗa, ganyen, daddawa da 'ya'yan ɗorawa a gefenta don ta tuna. Ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta yarda. Ban taɓa yin miyar da ta kai ta ranar ba. Na kai mata, na tsaya a bakin ƙofa. Ta ɗebi cokali ɗaya ta sa a baki. Ta riƙe shi, ta riƙe, maƙogwaronta ya ƙi motsi. Ta san babu komai a ciki, da idonta ta gani. Amma ɗanɗanon na ranar nan ne, ni na yi ta wahala har ya zama iri ɗaya. Ta juya ta mayar a tafin hannunta, ta turo mini kwanon a hankali, ba ta ɗago ba.

Ba a sake ɗora miyar nan a gidan Injiniya ba. Na gwada ta a gidanmu, Inna Hajo ta juya cokali ta ce ina naman. In Malam Ummaru ya kawo mai kyau, nakan sayi ƙaramin kai na kaina, in dafa a gidanmu bayan na sallami kowa, in zauna a dokin ƙofar ɗakinmu in cinye.